Matar da Tijani ya ƙaryata a rediyo

Akwai wani mutum a unguwar Nyohini ta garin Tamale, sunansa Tijani. Facin tayar babur yake yi a gindin wata darbejiya, kusa da masallacin bakin titi. In ka shiga unguwar kana tambayar mai faci, sai an yi ta waige-waige kafin a nuna maka shi. Amma ka ce "Tijani na rediyo", ko kurma zai kai ka rumfarsa.

Ku da kuke zaune a Ghana kun san irinsu. Kowace safiya gidajen rediyo suna buɗe layi wai jama'a su faɗi albarkacin bakinsu, amma in ka kasa kunne da kyau, muryoyi biyar ko shida ne suke ta zagayawa. Su ne 'yan kiran kullum. Jam'iyya ce ke zuba musu kiredit a waya, ita ce kuma ke turo musu abin da za su faɗa tun kafin su wanke baki.

Tijani kuwa ba ƙaramin ɗan kira ba ne. Allah ya ba shi murya, ya ba shi zalaƙa. Zai fara da Dagbanci, ya juya Hausa, ya yayyafa Turanci a kai, sai ka rantse daga majalisa ya fito, alhali hannunsa ɗaya yana cikin bahon ruwan da yake neman hujin tif ɗin taya.

A cikin gidajen rediyon garin akwai guda biyu da ba sa ga maciji. Ɗaya na yabon gwamnati, ɗaya na zaginta. Tijani ba ya ma kiransu da sunansu. Na farko shi ne "rediyonmu", na biyu "rediyonsu". Kuma ya sha rantsewa a gaban mutane cewa bai taɓa buɗe rediyonsu ba, ba zai kuma taɓa buɗewa ba, don a cewarsa mai hankali ba ya sa kunnensa a kwata.

A shekarar, rigimar da ake yi ba dare ba rana ita ce ta albashin ƙananan ma'aikata da kuɗin tallafin da ake ba marasa ƙarfi. Rediyonmu ya ce tallafi lalaci yake koya wa mutane, albashi kuma ya ishi mai godiyar Allah. Rediyonsu ya ce an gama kashe talaka, jana'iza kawai ta rage. Abin dariya, 'yan shekaru kaɗan baya, lokacin da jam'iyyar Tijani ke waje tana leƙen kujera, kowannensu waƙar ɗan'uwansa yake rerawa. Tijani da bakinsa ya taɓa yin kuka a rediyo saboda tausayin masu ƙaramin albashi. Amma wa ke tuna abin da aka faɗa jiya?

Mai turo masa saƙon safe wani ne Shamsudeen, jami'in yaɗa labaran jam'iyya a yankin, mai farar mota da turare mai tsada. Ya yi wa Tijani alkawarin yelo-yelo, keke mai ƙafa ukun nan na haya, in zaɓe ya wuce lafiya.

"Janar," haka yake kiransa, "kai dai ka ci gaba da wuta. Sunanka na kan teburin manya."

"Ciyaman, ba ka da matsala," in ji Tijani. Shekara uku ke nan sunan yana kan tebur, bai sauko ba.

A duk duniya mutum ɗaya ce ta rage wa Tijani, yayarsa Zuweira. Yana da shekara biyar uwarsu ta rasu, ita ta goya shi, ta sayar da koko a bakin tasha ta sa shi makaranta. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin kuma ya riga ta gidan gaskiya. Ɗaki ɗaya take zaune a Sagnarigu. Tun yana ƙarami Tijani mai katse magana ne, in ana faɗa masa abu sai ya riga mai faɗa kai ƙarshe. Sai ta kama kunnensa ta ja a hankali, ta ce, "Ji tukuna, Tijani. Ji tukuna."

Aikinta shara ne. Wani ɗan kwangila ne ya ɗauke su, ita da wasu mata, suna share titin da ya bi ta kasuwar Aboabo. Da an idar da sallar asuba ta kama hanya da doguwar tsintsiyarta da rigar aiki mai ruwan lemo. Ledojin ruwa, ɓawon ayaba, taɓon da ruwan sama ya kwaso daga kwata, duk sai ta kawar da su kafin masu shaguna su buɗe.

Tana da wani ɗan ƙaramin rediyo da Tijani ya saya mata. Shi ya kamo mata tashar da yake magana, ita kuwa da yake ba ta iya karanta lamba ba, sai ta samo filasta ta liƙe abin murɗawar don kada ya goce. A ƙugunta take ɗaure shi cikin zane. Da ta ji mai gabatarwa ya ce, "Tijani Nyohini, dasiba!" wato ina kwana da Dagbanci, shi kuma Tijani ya amsa da "Naa!", sai ta jingine tsintsiya ta ɗaga hannu.

"Ku yi shiru, ƙanena ne."

Ba ruwanta da siyasa. Rabin abin da yake faɗa ma ba ta gane shi. Muryar take saurare. In ta ji ta a shaƙe, ranar Juma'a zai tarar da citta da kanumfari a ƙulle a leda suna jiransa, don kowace Juma'a bayan masallaci a ɗakinta yake cin tuwon zafi.

To, wata Litinin da damina, wata 'yar jarida mai suna Samiratu ta tsaya wurin matan nan da na'urar ɗaukar murya. Daga rediyonsu take. Zuweira ba ta tambaya ba, don a wurinta rediyo rediyo ne. Yarinya ta gaishe ta da ladabi, ta tambaye ta yadda rayuwa take, ita kuwa an daɗe ba wanda ya yi mata wannan tambayar.

"Shekara tara ina share titin nan, 'yata," ta ce. "Abin da ake ba ni ba ya kai ni tsakiyar wata. In na sayi masara, ba maganin hawan jini. In na sayi magani, ba masara. Na je a rubuta ni cikin masu tallafi, aka ce ni ma'aikaciya ce, ban cancanta ba. To ni ina zan sa kaina?" Daga nan kuka ya ƙwace mata.

Ba a faɗi sunanta ba. "Wata mai shara" kawai aka ce. Amma rediyonsu ya samu nama. Wunin ranar suka yi suna maimaita kukan, har da sa masa kiɗan tausayi a ƙasa.

Washegari da sassafe saƙo ya shigo wayar Tijani: "Matar da ta yi kuka a rediyonsu ba mai shara ba ce. Hayarta aka yi. Ku murƙushe zancen yau."

Tijani bai ji muryar ba. Ta ina zai ji, shi da ba ya buɗe rediyonsu? Da ya ce wa mai shayin da ke gefensa ya kunna masa, minti ɗaya ya isa. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma shi a ganinsa ba sai ka ji ƙarya kafin ka san ƙarya ce ba. Ya gyara murya, ya danna kira.

"Tijani Nyohini, dasiba!"

"Naa! Ɗan'uwana, yau zuciyata tafasa take. Matar nan da suka sa ta yi mana kukan munafunci, wallahi tallahi na san ta! Na san ta kamar yunwar cikina. Ba ta taɓa riƙe tsintsiya ba. Gidan bene gare ta a unguwar Vittin, fenti fari, ƙofa baƙa. Irinsu ne ke cin kuɗin tallafi su kwanta, in gari ya waye su fito da hawayen haya. Hajiya mai bene, ki ji tsoron Allah!"

Gidan benen ba ya cikin saƙon. Shi ya ƙara don miya ta yi daɗi. Mai gabatarwa ya yi dariya har yana buga tebur. Kafin ƙarfe tara Shamsudeen ya kira.

"Janar! Ka gama da su. Hajiya mai bene! Daga ina ka samo wannan?"

"Baiwa ce, Ciyaman."

Ranar ko kuɗin iska bai karɓa a hannun masu babur ba, saboda murna.

A daidai lokacin da yake wannan rantsuwar, Zuweira na tsaye a bakin titin Aboabo, ta jingine tsintsiya, ta ɗaga hannu ta sa 'yan'uwanta sun yi shiru. Duk sun ji. Ba wadda ta iya kallon fuskarta. Ita kuwa ta sa hannu a ƙugu ta kashe rediyon, ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da shara.

Mai duba aikinsu ya riga ya gane muryar tun jiya, yana ta neman hanyar da zai bi ya kore ta saboda ta tona musu asiri. Yanzu ya samu. Kafin azahar ya karɓe rigar da tsintsiyar.

"Tunda kina da gidan bene a Vittin, je ki huta a ciki," ya ce.

Sunan kuma ya bi ta. Ta zo wucewa ta cikin kasuwa, wani mai tura baro ya ɗaga murya, "Hajiya mai bene, a ba mu hayar ɗaki mana!" Mutanen da suka shekara tara suna ganinta cikin taɓo su ma suka yi dariya, don an faɗa a rediyo, kuma da rantsuwa.

Ranar Juma'a Tijani ya zo cin tuwo kamar yadda ya saba, fuska sai walƙiya. Ya tarar da ita zaune a kan tabarma, ta ɗan faɗa. Ta zuba masa tuwo da miyar ayoyo, ta tura masa ruwan wanke hannu. Ya lura rediyon ba ya rataye a ƙusar da ya saba gani.

"Yaya, ina rediyonki?"

"Batir ya ƙare."

"Kash! Ashe ba ki ji abin da na yi wa wata maƙaryaciya ranar Talata ba. Gari duk ya ɗauka." Ya kwashe labarin ya ba ta, yana kwaikwayon muryarsa ta rediyo, yana dariya da loma a baki.

Ta bar shi har ya gama. Sannan ta ce a hankali, "Ka san matar?"

"Ina zan san ta, Yaya? Ni ko maganar ban ji ba. Kin san ba na buɗe rediyonsu."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ba ka ji ba," ta ce, "kuma ka rantse da Allah."

"Siyasa ce, Yaya. Ba za ki gane ba."

"Haka ne. Ci tuwonka kada ya huce."

Kwana uku ta yi tana zaton ƙanenta ya san ita ce ya yi mata haka. Yanzu ta gane bai sani ba, ta kuma gane in ya sani abin zai karya shi. Sai ta zaɓi ta haɗiye. Masarar da ta tuƙa masa tuwon nan ita ce ta ƙarshe a ɗakin, bai sani ba, har ƙari ya nema. Da zai tafi ta miƙa masa ƙullin citta, ta ce ya riƙa kula da maƙogwaronsa.

Juma'a biyu da suka biyo baya bai zo ba. Gangamin jam'iyya ya yi zafi, yau Savelugu gobe Tolon, ana ɗora shi a bayan mota yana riƙe da lasifika. Ko'ina ya je sai an ce ya maimaita "Hajiya mai bene", shi kuwa ya maimaita, taro ya ɗauki shewa.

Wata Laraba da hantsi yana cire ƙusa daga taya, sai ga wata mata ta tsaya a kansa tana haki. Lamisi ce, abokiyar sharar Zuweira kuma maƙwabciyarta, mai Hausar kasuwa da ba ruwanta da bambanta namiji da mace.

"Tashi. Yayanka ya faɗi. Yana asibiti."

Tijani ya saki abin da ke hannunsa. "Ta faɗi? A wurin aiki?"

"Wane aiki? Sati uku ba shi da aiki! Magani ya ƙare, ba abin saya. Ya hana ni in gaya maka, ya ce in na faɗa ba ni ba shi. Yau dai zan faɗa." Ta nuna shi da yatsa. "Hajiya mai bene da kake waƙa, wa kake tsammani? Wanda ya goye ka! Yana tsaye da rediyo a ƙugu, ya ce mu yi shiru ƙanensa zai yi magana. Mun yi shiru. Mun ji ka."

Mai shayi da masu babur da ke wurin duk suka juyo suna kallonsa. Tijani ya miƙe zumbur. Tuwon ranar Juma'a ya dawo masa, da kallon da ta yi masa, da ƙullin citta da har yanzu yake cikin aljihun rigarsa.

Ya same ta kwance a gadon asibiti, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, baki ya karkace. Likita ya ce jinin ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Tijani ya durƙusa a gaban gadon, gaban majinyata da masu jinya, yana kuka kamar ranar da aka fita da gawar uwarsu.

"Yaya, ban sani ba. Wallahi ban sani ba ke ce. Ki yafe mini, Yaya."

Ta juyo da ido ta dube shi. Ta ɗaga hannun da ke motsi da ƙyar, ta lalubo kunnensa, ta kama, ta ja kaɗan. Leɓɓanta suka motsa, kalma ɗaya ce ta fito.

"Ji..."

Ba zan yi muku ƙarya in ce ta furta "na yafe" ba, harshen ya ƙi. Amma hannun ya sauko daga kunnen ya kama nasa, bai kuma sake shi ba har barci ya ɗauke ta.

Tijani ya ƙudurta abu ɗaya: kafin komai ya faru, sai yayarsa ta ji da kunnenta an wanke sunanta a inda aka ɓata shi. Ya roƙi Lamisi ta ɗauko rediyon daga ɗaki. Batirinsa lafiya lau, a ƙarƙashin tabarma aka same shi. Washegari da safe aka ajiye mata shi a gefen matashi, shi kuma ya fita baranda ya danna kira.

"Tijani Nyohini, dasiba! Yau wa za mu murƙushe?"

"Naa. Ɗan'uwana, yau gyara na zo yi. Matar nan da na ce tana da bene a Vittin, ƙarya na yi. Ban taɓa jin maganarta ba. Ita ce..."

Ƙit.

"Ayya, layin Janar ya samu matsala," in ji mai gabatarwa. "Bari mu ɗauki wani."

Ya sake kira sau bakwai, ba a ɗauka ba. Lambar da ake tsallake mutum ashirin don a ɗauke ta, yau ta zama baƙuwa. Sai ga kiran Shamsudeen.

"Janar, ka haukace ne? Saura wata biyu zaɓe!"

"Ciyaman, yayata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya. Tana kwance, an kore ta daga aiki saboda bakina. Minti ɗaya kawai nake roƙo."

Shamsudeen ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Zan aiko da ɗan abin sayen lemo. Amma maganar nan ka bar ta sai bayan zaɓe. Ka tuna da yelo-yelonka."

"Ni na ce ka ba ni saƙon?" in ji Tijani.

"Ni na ce ka ce bene?" in ji Shamsudeen, ya kashe wayar.

Wannan tambayar ta fi komai yi masa ciwo, don gaskiya ce.

Da ya koma ciki, Lamisi ta ce Zuweira ta buɗe ido da ta ji muryarsa, ta yi ta jira, da aka sa wani mai kira sai ta juya fuska bango.

Rannan Tijani ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba. Ya taka da ƙafarsa har rediyonsu. Aka karɓe shi hannu bibbiyu, har da kujera mai laushi da ruwan sanyi. Babban editan ya dinga murza hannu.

"Za mu ba ka awa guda cur ranar Litinin, a babban shirinmu. Za ka faɗi wanda ke biyanka, da yadda suka sa ka. Za mu kuma aika a ɗauko hoton yayarka a gadon asibiti."

"Ni sunanta kawai nake so in wanke, yau ɗin nan. Ba hoto."

"Sai Litinin. Dole mu yi tallar shirin tukuna, in ba haka ba wa zai saurara?"

Nan Tijani ya gane cewa su ma ba Zuweira ce a gabansu ba. Wancan ya yi amfani da bakinsa, wannan ya yi amfani da hawayenta, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa tambaya ko ta ci abinci.

Yana fita, wata budurwa ta biyo shi har bakin ƙofa. Samiratu ce. Idonta ya yi ja.

"Baba Tijani, ni na ɗauki muryar. Ban san abin zai kai haka ba. Akwai sauran maganar da suka yanke, suka ce ba ta da amfani a gare mu. Na tura maka a waya. Ka saurara in ka samu natsuwa."

Bai samu natsuwar ba. Ranar Asabar bayan la'asar Zuweira ta cika, hannunta cikin nasa. Litinin ɗin da ake jira ta zo ta tarar ana sadakar uku. Shamsudeen bai zo ba, amma ya aiko da katan ɗin ruwa mai hoton ɗan takara a jiki.

Sai bayan mutane sun watse Tijani ya zauna shi kaɗai a ɗakinta, rediyon yana kan cinyarsa, filastar nan ta yi baƙi saboda gumin shekaru, har yanzu tana riƙe da tasharsa. Ya ciro waya ya buɗe saƙon Samiratu.

Ya ji hirar da aka yi da yayarsa, karo na farko. Ya ji zancen masara da magani. Ya ji kukan da ya kira na haya. Sannan ya ji ta ja majina, ta yi 'yar dariya, ta ci gaba daga inda rediyo ya yanke:

"Amma ba komai, 'yata. Ina da ƙane mai magana a rediyo, Tijani Nyohini, ai kin san shi. Manya suna jin maganarsa. Ni kunya nake ji in faɗa masa ido da ido, shi ma fama yake. Amma in ya ji wannan, shi zai tsaya mana. Ni na goye shi, na san zuciyarsa. Ba ya son a zalunci mutum."

Ashe da shi take magana. Duk garin Tamale ya ji saƙon, ban da wanda aka aika wa.

Tun daga ranar ba a sake jin Tijani Nyohini a kowace tasha ba. Yelo-yelo bai zo ba, shi ma bai tambaya ba. Yana nan gindin darbejiyarsa yana faci. Amma kowace safiya, daidai lokacin da ake buɗe layi, sai ya rufe akwatin kayan aikinsa ya tafi titin Aboabo. Ya tsaya wurin mai koko, ya tsaya wurin mai wake da shinkafa, ya tsaya wurin masu tura baro, ɗaya bayan ɗaya.

"Salamu alaikum. Matar nan da na ƙaryata a rediyo, yayata ce. Sunanta Zuweira. Ba ta da bene. Gaskiya ta faɗa, ni na yi ƙarya."

Lamisi ta taɓa ce masa ya isa haka. Ya ce mata dubban mutane ne suka ji ƙaryar a safiya ɗaya, shi kuwa baki ɗaya gare shi da ƙafa biyu, bai ko kama hanyar gamawa ba.

Da farko mutane kan girgiza kai su ce Allah ya ji ƙanta. Yanzu zaɓe ya wuce, gidajen rediyon sun samu sabuwar rigima, albashin masu shara yana nan inda yake. In ya gama faɗa, yawanci sai mai koko ta dube shi da ludayi a hannu ta ce, "Wace mata?"

Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa, ya faro mata daga farko.

Darasi: Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kada ka ƙaryata kukan da ba ka saurara ba don kawai daga bakin "rediyonsu" ya fito, kada kuma ka ara wa ɗan siyasa bakinka ya zagi talaka da shi, domin talakan da ake gardama a kansa yana da suna, wataƙila ma a ɗakinsa ka ci tuwo ranar Juma'a. Masu turo maka abin faɗa ba za su zo zaman makoki ba. Ji tukuna, kafin ka rantse. Ka tura wannan ga ɗan'uwanka da siyasa ta toshe wa kunne, ko Allah zai sa ya saurari na gida tun suna da rai.